Ruwa ba ya tsami banza: nazarin wani tankin murjani a Malali, Kaduna

Tankin da ake magana a kansa na wani magidanci ne a unguwar Malali, wanda ya shekara yana kiwon kifin ado na ruwan daɗi kafin sha'awar murjani ta kama shi. Yawancinmu a wuyan mata da kayan sarauta muka san murjani, busasshe, an goge shi an huda. Rayayyensa dabba ce. A cikin naman irin da ake kiwo a tanki akwai wata gansakuka ƙarama da ido ba ya gani, ita ke amfani da haske tana ciyar da shi, shi kuma yana ba ta masauki. Wannan zaman tare ne ya sa kiwonsa ke da wuya: hasken da murjani ke bukata, da ɗan abincin da ke narke a ruwa, su ne dai muguwar gansakuka ke jira ta samu ta rufe komai.

Tsawon tankin santimita 100, faɗi 45, tsayi 45, wato lita 200 da 'yan kai. Da aka sa busasshen dutse kilo 20 da yashi kilo 15, ruwan da ke ciki ya tsaya wajen lita 170. Da wannan adadi na biyu ake duk wani lissafi na gishiri ko magani, kuma tun daga nan masu farawa da yawa ke kuskure. An ajiye shi a falo, taku biyu daga tagar da ke kallon gabas. An cika shi a watan Nuwamba da ruwan burtsatsen gidan, aka dama gishirin murjani na kanti da aka turo daga Legas. A rana ta goma aka sa kifi shida.

Biyu sun mutu kafin mako ya zagayo, kuma dalilin a fili yake. Kifi na fitar da amoniya ta wurin numfashinsa da ke gefen kai da kuma kashinsa. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a dutse da yashi suna mayar da amoniyar nitirait, wasu kuma suna mayar da nitirait nitiret, sannan ruwa ke iya ɗaukar kifi. A kan busasshen dutse wannan yakan ci mako huɗu zuwa shida. Hanyar da ta dace ita ce a ɗiga amoniya tsantsa har ta kai 2 ppm (miligiram 2 a kowace lita) a tankin da babu kifi, a riƙa gwadawa, ranar da aka ga ta ɓace cikin awa 24 tare da nitirait sai a sa kifi biyu, a dakata mako biyu ko uku kafin a ƙara. Ruwan teku kuma pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, sama da 8 yake, kuma amoniya ta fi dafi a irin wannan ruwa fiye da ruwan da ya saba kiwo a ciki.

A mako na uku wata ƙura mai ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi, kamar wadda hunturu ke bari a kan mota. Wannan dayatom ce, wata ƙaramar gansakuka, tana gina ɓawonta da silikat. A sabon tanki ba abin tayar da hankali ba ce, takan cinye silikat ɗin ta mutu da kanta cikin 'yan makonni. A nan ba ta tafi ba, domin kullum ana ƙara mata abinci da ruwan burtsatse, wanda ya ratso duwatsu ya kwaso silikat. A watan Janairu koriyar gansakuka mai kama da gashi ta fito a saman duwatsu, ta kai tsawon yatsa. Daga baya wani jan yauƙi ya shimfiɗu a kusurwoyin yashi kamar an zubar da manja, da rana kumfa na tsaye a kansa, da safe ya ɗan ja baya. Murjani huɗu masu taushi da ya saya a Disamba suka ƙi buɗewa.

Abin da gwaji ya nuna a Fabrairu

Kafin wannan lokaci mai tankin gwaji biyu kawai yake yi: zafi, da gishiri ta wani ma'aunin roba mai allura. Ma'aunin na nuna 1.026, daidai inda ake so. Da aka kawo rifiraktomita, wato ma'aunin da ake ɗiga ruwa a kan gilashinsa a leƙa, aka daidaita shi da ruwan gwaji na 35 ppt (giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwan, daidai da 1.026 ɗin nan), sai ya nuna 42. Gishiri ya bushe a jikin allurar robar ya ƙara mata nauyi, ta daɗe tana faɗin ƙasa da gaskiya.

Yadda gishirin ya hau haka abu ne da ya kamata duk mai tanki a Arewa ya riƙe. A hunturu iska bushe take, tankin kuma a buɗe, yana rasa wajen lita 3 a rana. Ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri na nan. Shi kuwa in ya ga ruwa ya sauka, sau da yawa sauran damammen ruwan gishiri da ke jarka yake zubawa. Lita 3 na irin wannan ruwa giram 105 ne na gishiri, a cikin lita 170 yana ɗaga ma'auni fiye da rabin ppt a rana ɗaya. Abin da ya tashi da tururi, da ruwa marar gishiri ake mayar da shi, kullum, har zuwa layin da aka zana a jikin gilashi.

Sauran sakamakon: amoniya da nitirait sifili, nitiret 50 ppm, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa tsami) 6 dKH, kalsiyam 400, fosfet 0.05. Wannan na ƙarshe ya ruɗe shi, domin ana son fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, ga shi a ciki, ga kuma gansakuka ta cika tanki. Gwaji abin da ya rage a ruwa yake aunawa. Gansakukar tana shanye fosfet da zarar ya fito, don haka yawanta shi ne ainihin ma'aunin. Kwana uku bayan an tuge mafi yawanta, fosfet ya tashi zuwa 0.3.

Gwajin da ya warware zancen ba a tankin aka yi shi ba. An tari ruwan famfon gidan a kofi: mitar TDS, mai auna jimillar abin da ke narke a ruwa, ta nuna 190, nitiret 15, fosfet 0.2. Ma'ana, duk sauyin ruwan da ya yi ta wahala yana yi wata uku, taki yake kai wa gansakuka. Ruwan da ake zubawa yana da nitiret 15 ba zai taɓa sauke tanki ƙasa da 15 ba, ko durom nawa aka zuba. Ruwan gyara tururi ya fi ma ɓarna, domin shi ƙari ne zalla, ba a cire komai.

Gyaran ruwan da ke shiga

An yi ta kawo shawarwari na kusa, kuma ko wacce da matsalarta. Ruwan leda ingancinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ruwan sha mai kyau ma yana iya ɗauke da fosfet da silikat da ba sa cutar da mutum. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya bi ta kan bututun jan ƙarfe da alminiyam, jan ƙarfe kuwa ko kaɗan ne yana kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande. Saboda haka ma ba a sa kan famfo na tagulla a layin ruwan tanki. Ruwan sama da ya bi ta kan kwano yana kwaso zinki da ƙurar rufi. Abin da ake kira ruwan batir a kasuwa kuwa, wani tsantsar ruwa ne, wani asid ne, bai kamata a yi caca da shi ba.

Abin da ya rage shi ne na'urar tace ruwa ta RO/DI mai gida huɗu: matatar laka ta maikiron 5, gawayin tacewa, fatar RO mai ba da galan 75 a rana, sai ƙwayoyin DI da ke kama ɗan abin da ya tsallake. Da aka ɗaura ta, ruwa ya riƙa ɗiga kamar hawaye, TDS bayan fatar kuma bai sauka sosai ba. Laifin matsin ruwa ne. Fatar na son wajen psi 50 zuwa 60, gidan kuwa daga tankin sama yake shan ruwa. Kowace mita 10 ta tsayi psi 14 da ɗoriya take bayarwa, tankinsa mai mita 6 bai kai psi 9 ba. Sai da aka sa ƙaramin famfon ƙara matsi kafin fatar, sannan TDS ya sauka 4 bayan RO, sifili bayan DI. Duk wanda zai sayi wannan na'ura a Kaduna ya haɗa da famfon tun farko, in ba haka ba ƙwayoyin DI masu tsada za su ƙare cikin kwanaki. Na'urar na zubar da lita 3 zuwa 4 a kan kowace lita mai kyau. An juya wannan ruwa zuwa shukokin tsakar gida.

Gishirin da ya hau an sauke shi a hankali. Kullum a ɗebi lita 4 zuwa 5 daga tanki a mayar da tataccen ruwa, abin da ke rage ppt ɗaya a rana. Mako guda ya dawo 35. Saukewa lokaci ɗaya kan kumbura naman murjani da dodon koɗi ya kashe su.

Daga nan aka tsayar da sauyin ruwa a jarka ɗaya ta lita 25 kowace Asabar, kusan kashi 15 cikin 100. Ana auna gishiri giram 950 da sikelin kicin, a zuba shi cikin ruwa (ba a zuba ruwa a kan gishiri, yana sa kalsiyam ya dunƙule ya yi fari), a bar ƙaramin famfo na juya shi dare guda, a gwada da rifiraktomita, a daidaita zafinsa da na tanki. A lissafi, sauyi takwas irin wannan zai sauke nitiret daga 50 zuwa 14 in babu sabon da ke shiga. A zahiri ya tsaya a 20, domin kifi na ci suna kashi.

Hannu, haske da motsin ruwa

Kawun mai gidan, wanda ya daɗe yana kiwon tarwada, ya leƙa tankin ya ce: “Kai ɗana, wannan ai sai a kwashe duwatsun a tafasa su, a zubar da ruwan gaba ɗaya a sake sabo.” Mai gidan ya ce: “Kawu, an ce mini in na tafasa na koma ranar farko.” Gaskiya aka faɗa masa, har ma abin ya wuce haka. Tafasawa na kashe bakteriyar da aka yi wata uku ana reno. Sannan a kan dutse ɗaya akwai murjanin Palythoa, wanda wasu irinsa ke ɗauke da dafi mai tsanani. Tururin dutsen da aka tafasa da shi ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti a ƙasashen da ake wannan kiwo. Ko taɓa shi za a yi, sai da safar hannu da tabarau, a wanke hannu kafin a kai fuska.

Abin da aka yi shi ne tugewa da hannu a ranar sauyin ruwa: a kama gashin da yatsu a bakin tiyo, a tsinke, tiyon ya zuƙe shi zuwa bokiti don kada ya watsu. Dutse biyu da suka fi muni, waɗanda babu murjani a kansu, an fito da su, aka goge da burushin haƙori a cikin tsohon ruwan da aka cire, aka ɗiga haidurojin feroksaid na kashi 3 cikin 100 da ake samu a kemis a kan wuraren, bayan minti uku aka ɗauraye aka mayar. Kwana biyu gashin ya yi fari ya zube. Bayan gashin ya gajarta aka sa dodon koɗin teku irin Trochus guda goma, an saba musu da ruwan ta ɗigo-ɗigo na awa guda. Ba sa cin gashi mai tsawo, aikinsu hana sabon toho tasowa.

Fitila a da tun asuba take kunne har a kwanta, wajen awa 15, ga ranar safe na bugun gilashi kai tsaye. An sa mata agogo mai kashewa da kansa, awa 8, aka rataya labule mai kauri a tagar. Jan yauƙin kuwa bakteriya ce da ake kira sayanobakteriya, kuma inda ruwa ke kwance datti na taruwa nan take zama. Famfo ɗaya ne a tankin, lita 1,000 a awa. Murjani mai taushi na son ruwan ya juya sau 20 zuwa 30 a awa, don haka aka ƙara famfon kaɗa ruwa mai lita 4,000, aka karkata shi ya riƙa girgiza saman ruwa yana share bayan duwatsu. Abinci ya koma abin da kifi huɗu za su cinye cikin minti guda, sau biyu a rana. Alkaliniti an ɗaga shi daga 6 zuwa 8 da sodiyam bayikabonet tsantsa: giram 5 a lita 170 na ɗaga dKH ɗaya, a narka a tataccen ruwa, kada a wuce ɗaya a rana. Kanwa ba ta maye gurbinsa, ƙasa da wasu gishirai ne cike a cikinta, haka ma hodar kek.

Fosfet shi ya fi taurin kai, domin dutsen murjani na shan sa ya riƙe, in ruwa ya yi tsabta ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan har watanni. An sa GFO, wani garin ƙarfe mai launin tsatsa da ke kama fosfet, giram 50, rabin abin da kwalin ya ce, ana sauyawa in gwaji ya daina sauka.

Garin neman ƙiba

A ƙarshen Maris abubuwa sun yi kyau: nitiret 12, fosfet 0.08, murjani sun buɗe. Da an tsaya a nan da an huta. Mai tankin ya ga sauran gashi a lungu biyu, ya ƙudura sai ya kai komai sifili. Ya ninka GFO sau uku, ya koma sauya jarka biyu a mako, ya rage abinci zuwa sau ɗaya a kwana uku, ya kuma fara ɗiga wani ruwan kanti da ke ciyar da bakteriya su cinye nitiret. Cikin mako uku gwaji biyun suka nuna sifili. A mako na huɗu wani yauƙi mai ruwan zuma ya bayyana, zare-zare kamar majina, kowane zare da kumfa a kansa yana miƙewa sama. Dodon koɗi huɗu suka kife suka mutu.

Wannan dainofilajelet ne, wata ƙaramar halitta dangin gansakuka, kuma ya fi duk na baya wahala. Idan nitiret da fosfet suka ƙare, ƙananan halittun da ke gasa da shi a kan dutse sukan mutu da yunwa, shi kuwa yana jurewa, sai ya gaji filin. Wasu irinsa na da dafi, shi ya kashe dodon koɗin. Ana bambance shi da dayatom a gida: a zuƙi yauƙin a kwalba, a girgiza sosai, a tace da takardar goge hannu, a ajiye ruwan a haske. Bayan awa ɗaya ko biyu, in ya sake haɗuwa ya zama zare, shi ne.

Maganinsa juya akalar ne gaba ɗaya, abin da ke yi wa mai tanki nauyi a zuciya bayan ya sha wuyar tsabtacewa. An cire GFO, an daina ruwan kantin, an dakatar da sauyin ruwa mako huɗu, abinci ya dawo sau biyu a rana. Ana zuƙe yauƙin da yamma ta cikin safar tacewa a mayar da ruwan. An sa sabon gawayi don dafin, aka rufe tankin da kwali kwana uku babu haske, famfuna na aiki. Da yake irin nasa na barin dutse ya shiga ruwa da dare, an ɗaura fitilar UV mai kashe ƙwayoyin da ruwa ya biyo da su. Da nitiret ya koma 5, fosfet 0.05, wata siririyar koriya ta fara fitowa a gilashi. Wannan karon alama ce mai kyau. Cikin mako uku zaren ya ɓace.

Zafi, wuta da iskar ɗaki

Duk wannan ya faɗo ne a tsakiyar bazara. Murjani na son digiri 24 zuwa 27, in ya daɗe sama da 30 yakan tofar da gansakukar cikin jikinsa ya yi fari. A Afrilu ruwan ya taɓa 31. An gwada gorar ƙanƙara: ta lita ɗaya da rabi digiri ɗaya kacal take saukewa a lita 170, kafin la'asar ya dawo. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa ta fi ta nesa ba kusa ba, domin lita ɗaya da ta tashi tururi na ɗauke zafin da gora uku ba su ɗauka. Busasshiyar iskar Kaduna kafin damina na taimakon wannan dabara. Ruwan ya tsaya 27 zuwa 28, amma tururi ya kai lita 6 a rana, dole gyaran ya koma safe da yamma. Da damina ta kama iska ta jiƙe, fankar ta rage tasiri, amma zafin ma ya sauka.

Ɗauke wuta ya fi zafi saurin kisa. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ƙarancin iskar shaƙa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi na ƙara rage ta, gansakuka kuma da dare shaƙa take yi kamar kifi. Tanki mai gansakuka da yawa, a daren zafi, famfo a tsaye, kafin asuba kifi sun taru a sama suna haki. Murjani na iya kwana biyu ko uku babu fitila, amma ba ya jure ruwa a tsaye. Saboda haka famfon kaɗa ruwa, mai cin wat 10, aka ware masa batir na 100Ah shi kaɗai. Ko rabin cajin aka ci, zai yi wajen awa 60. Matatar da ruwa ya kwana a cikinta kuma ba a barin ta tashi da kanta in wuta ta dawo. A sunsuna, in akwai warin ruɓaɓɓen ƙwai a zubar a wanke.

Abu na ƙarshe da ya kusa jawo asara bai shafi ruwa ba sam. Na'urar kumfa da ke tsame datti iskar ɗaki take zuƙa tana cusawa cikin ruwa. Da sauro ya yi yawa a farkon damina aka fesa magani a falo, washegari jatan lande ɗaya ya mutu, kifi suka lafe a ƙasa. Maganin sauro, na feshi ko na ƙonawa, dafi ne ga kifi da duk dangin jatan lande. An sauya jarka biyu a ranar, aka sa sabon gawayi. Yanzu tiyon iskar na'urar ya fita ta taga da ɗan kwalin gawayi a bakinsa, feshi ya koma ɗakunan kwana, uwargida kuma ta mayar da kaskon turaren wuta can nesa da tankin.

A watan Yuli gishiri na 35, zafi 26, nitiret na yawo tsakanin 5 da 8, fosfet 0.05 zuwa 0.07, alkaliniti 8. Ɗigo-ɗigon shunayya mai tauri ya fara fitowa a duwatsu da jikin famfo, wato gansakukar ƙwarai mai kalsiyam, wadda ke kama gurbi ta hana muguwar zama, kuma tana ƙara cin alkaliniti, don haka gwajinsa ya koma sau biyu a mako. Murjani uku cikin huɗun farko sun rayu. Akwai sauran tsiro ɗaya mai kama da gashin tsuntsu a bayan babban dutse, wanda dodon koɗi ba sa taɓawa, ana tuge shi da hantsaki duk Asabar ana kallon ko zai yaɗu. Mitar TDS ta nuna 1 a makon jiya, an yi odar sababbin ƙwayoyin DI, kuma ba za a dama wani gishiri ba sai sun iso.